Ƙamus a Zauren Wan Mijina

Sau biyu na zauna jarrabawar fita sakandare, sau biyun kuma Turanci ya kayar da ni. Lissafi na ci, Bayoloji na ci, har Kemistiri da kowa yake kuka da shi na lallaɓa na haye. Turanci ne kaɗai ya tsaya mini a maƙogwaro. Lokacin ina aure a Kwanar Dangora, da 'ya'ya uku, kuma babu abin da nake so a duniya kamar in shiga makarantar koyon aikin lafiya. Su kuwa ba sa ko duban takardar mutum in babu kiredit a Turanci. Maigidana, wanda sana'arsa sayo masara ce daga kasuwannin Doguwa da Tudun Wada, ya zaunar da ni ya ce, "Wannan ta ukun ita ce ta ƙarshe. In kin faɗi, sai ki haƙura ki kama wata sana'ar." Ban ga laifinsa ba, ya yi iya ƙoƙarinsa.

Akwai wata malama da take yi wa 'yan mata lesin da yamma a bayan tasha. Na roƙi maigidana ya bar ni in riƙa zuwa. Ya zaro ido kamar na yi saɓo.

"Ki fita neman Turanci a waje, ga Yaya a gida? So kike gari ya ce mun raina shi?"

Yaya shi ne wan mijina. Tun da mahaifinsu ya rasu gidan ya koma hannunsa. Gida ɗaya muke, kowa da sashensa, amma ko biki mace za ta je Ba'awa nan kusa sai an sanar da shi, balle tafiya makarantar da za a riƙa kwana. Ke nan ko na ci jarrabawar, sai ya ce e kafin in ɗaga ƙafa. A garin kuwa an yarda cewa babu mai jin Turanci kamarsa. Asalin abin shi ne, wani rani da daɗewa wasu Turawa masu haƙa rijiyar burtsatse sun yi aiki a ƙauyukan Kiru, shi kuma ya bi su. Shi dai ya ce tafinta ya yi musu. Tsofaffin da suka ga abin da idonsu sun ce gadin jarkokin mai aka ba shi. Ko ma mene ne, ya dawo da tabarau, da wani ƙaton ƙamus da bangonsa ya cire, da hura hancin da har yau bai sauka ba.

Na sha leƙen yadda yake karanta wa mutane takarda. Mutum zai zo da takardar asibiti, ya durƙusa ya miƙa. Yaya zai sa tabarau, ya riƙe takardar nesa, ya kawo ta kusa, ya yi ta motsa leɓe. Can sai ya ce, "To, kai me suka gaya maka da baki?" Bawan Allah ya zayyana masa komai. Sai Yaya ya gyaɗa kai ya ce, "Daidai. Abin da ke rubuce ke nan." Mutum ya tashi yana ta godiya, yana cewa ilimi ya yi rana. Wannan ne aka ce zai fitar da ni daga faɗuwa ta uku.

Aka tsara karatu bayan la'asar. Matar ƙane ba ta zama gaba da gaba da wan miji, don haka shi yana zaure a kan darduma, ni kuma ina bakin ƙofar ciki a kan tabarma, da asabari a tsakaninmu. Ranar farko na zo da littafina cike da tambayoyi. Na gaishe shi a durƙushe, na jira. Ya yi gyaran murya, ya buɗe ƙamus a shafin farko, ya yi bisimilla.

"Amarya," haka yake kira na, ko da yake shekarata tara a gidan, "karatu ba a tsallake shi. Yadda muka sauke littattafan addini a gaban malamanmu, bango zuwa bango, haka za mu sauke wannan. Zan ja, ki maimaita sau uku, in fassara, ki ce na'am."

Na ɗauka wasa yake. Wallahi da gaske yake. Ya ja kalma, na maimaita sau uku, ya fassara, na ce na'am. Ƙamus ɗin Turanci ne zalla, babu Hausa ko ɗaya a ciki, don haka fassarar daga kansa take fitowa. A shafin farko muka gamu da wata kalma wai *aardvark*. Na ji yana shafa takardar, sannan ya ce, "Wannan wani irin jirgin ruwa ne na can ƙasarsu." Na ce na'am. Sai daga baya na gane dabgi ne, dabgin nan da yake tona ramuka a daji.

Kullum shafi ɗaya, in ya ji daɗi ɗaya da rabi. Ranar kasuwa babu karatu, ranar da ya yi baƙi babu karatu. Wani lokaci abokan majalisarsa su shigo su zauna suna sauraro, nan fa zai ƙara ɗaga murya, yana tauna kalmomin yana lanƙwasa harshe, su kuma suna "Taɓɗi! Kai, Malam!" Ni ina bayan asabari ina na'am, tuwon dare yana jira na, jarrabawa tana matsowa.

Bayan mako uku na yi ta maza. Da ya rufe littafin na ce, "Yaya, Allah ya ƙara girma, ina da 'yar tambaya."

"Faɗi."

"A jarrabawa suna yawan kawo *went* da *have gone*. Duka biyun abin da ya wuce ne, to yaushe ake sa wannan, yaushe ake sa wancan?"

"*Went*," ya ce. "Da wane harafi ya fara?"

"Da W, Yaya."

"Mu kuma muna ina?"

"Muna A."

"To kin gani. Abin da ya kashe karatun mutanen yanzu ke nan, gaggawa. Ana A, kina tambayar W. In mun je wurin za ki ji."

 Washegari na sake gwadawa, na ce to *a* da *the* fa, tunda su ne suka fi cinye mini maki. Ya ce *the* yana cikin T, sai mun je. *A* kuwa, ya ce, "Shi muka fara karantawa ranar farko. Ashe ba kya sauraro?" Na tambayi bambancin *borrow* da *lend*, tunda mu duka aro muke cewa. Ya ce ɗaya Turancin Ingila ne, ɗaya na Amurka, in zaɓi wanda ya fi mini daɗi a baki. Ya faɗi haka ko gezau, ko kunya babu.

Don in cire wa kaina shakka, wata rana na kwafi jimla ɗaya daga littafin makaranta, na kuma rubuta wata da na dagula da gangan, na cusa mata dogayen kalmomin da muka bi a A, marasa kai marasa gindi. Na tura takardar ta ƙarƙashin asabari na ce ya zaɓar mini wadda ta fi. Ya daɗe yana dubawa. Ya zaɓi dagulalliyar, ya ce ta fi nauyi, har ya yaba mini cewa karatu ya fara shiga. Daga ranar na daina jin haushin kaina. Yaya fanko ne, kuma ina jin shi ma ya sani, shi ya sa ya ɓuya a bayan jerin haruffa inda babu mai kamo shi.

Na gaya wa maigidana. Ya ce in rufa masa asiri in rufa wa kaina, Yaya uba ne. Na ce uban ne zai rubuta mini jarrabawar? Ya ɗauki hularsa ya fita.

Akwai wata Bafulatana da take kawo mana nono sau biyu a mako daga rugarsu ta wajen Ɗansoshiya. Ta ɗan girme ni, don haka Adda nake ce mata, yadda suke kiran babbar 'yar'uwa. Wata rana da hantsi ta sauke ƙwaryarta a ƙofar ɗakina, na shiga ɗauko kwano, na bar littafin tambayoyina a buɗe a kan tabarma. Na fito na tarar tana dubansa tana murmushi.

"Ƙawata, wa yake koya miki wannan?"

Na nuna zaure da haɓa. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Ashe Adda ta yi kwalejin horon malamai, kuma Turanci ta karanta. Ta nemi aikin koyarwa har ta gaji, aka yi ta ce mata ta dawo, sai ta yi aure a danginsu ta koma tatsar shanu. Shekara uku tana auna mini nono ban taɓa tambayarta ko ta taɓa shiga aji ba. Ni ma a nan ba ni da bakin zagin kowa.

Ta ja littafin gabanta, ludayi yana hannunta na dama. Ta ce, "In na ce miki kawo ƙwarya, wacce za ki kawo?" Na ce kowacce. "In na ce kawo ƙwaryar fa?" Na ce wadda muka sani ni da ke. Ta ce, "To *a* da *the* ke nan. Kin iya su tun kina goye, da Hausa."  Abin da ya kayar da ni sau biyu, ta warware shi kafin ta gama cika mini kwano. Ta ce in na ambaci lokaci, jiya ko bara ko ɗazu, *went* zan sa. In ban ambaci lokaci ba, kuma mutumin har yanzu bai dawo ba, shi ne ɗayan. Mai karɓar aro daban, mai bayarwa daban, kowa da kalmarsa. Babu Ingila, babu Amurka.

Daga nan muka ƙulla. Duk zuwanta sai in ba ta shafi guda na labarin abin da ya faru da ni a kwanakin, da Turanci: yadda akuya ta shiga rumbu, yadda ƙaramin ɗana ya yi zazzaɓi, yadda ruwa ya hana motar maigida fita daga Doguwa. Ta ninke takardar ta sa ƙarƙashin faifan da take rufe ƙwarya, ta tafi da ita ruga, ta dawo da ita da jan biro da tabon man shanu. Ba ta taɓa tsawata mini ba. In na maimaita kuskure sau uku sai ta ce, "Ƙawata, wannan ya zama ɗan gida, mu kore shi yau." Muna yi ƙasa-ƙasa, don mun san in labari ya kai zaure cewa mai tallan nono tana gyara abin da Yaya yake koyarwa, gidan ba zai zaunu ba.

Na taɓa tambayarta me zan yi mata. Ta ce ba ta son komai, sai dai in Allah ya sa na ci, in gaya wa mata cewa ita ta koya mini. Wataƙila a samu uku ko huɗu su riƙa zuwa, ta buɗe ɗan aji, takardarta ta daina kwana a akwati. Na ce mata wannan ai ƙaramin abu ne, har na rantse.

Da yamma kuma in koma bayan asabari in ci gaba da na'am. Wata biyar muka yi. Ranar da zan tafi Kiru zana jarrabawa muna tsakiyar B. Yaya ya kira ni ya yi mini nasiha cewa duk inda na ga dama in zuba musu manyan kalmomin da ya ba ni, masu makin za su san daga gidan ilimi na fito. Na ce to, Yaya. Ko ɗaya ban sa ba.

Sakamako ya fito bayan an fara girbin masara. Maigidana ya dubo a shagon masu kwamfuta, ya shigo gida da takardar yana haki, ko sallama bai gama ba. Kiredit a Turanci. Na zauna a ƙasa na yi kuka, yara suka kewaye ni suna tambayar wa ya mutu.

Murnar ba ta kwana biyu ba. Maigidana ya dawo daga zaure fuska a murtuke. Wani ya kai wa Yaya ƙishin-ƙishin ɗin takardun da suke fita a ƙarƙashin faifai. Yaya ya ce in har gaskiya ne, to an ci amanarsa a cikin gidansa, an mai da shi abin dariya, kuma matar da ta iya ɓoye irin wannan wata da watanni ba zai sa hannu ta tafi makarantar kwana ba. In kuwa ƙarya ce, yana so ya ji daga bakina, a gaban mutane.

"Ke kika san abin da za ki ce," in ji maigidana. "Ni dai ba zan tsallake maganar Yaya ba."

Na ce, "Kai ma ka san bai iya ba." Ya ce sanin nan ba zai kai ni makaranta ba.

Yaya ya zaɓi ranar da Adda take zuwa. Ba na jin da gangan ne, don bai ɗauke ta a bakin komai ba balle ya san ranakunta. Ta shigo da fara'arta, ta riga ta ji labari a hanya, har ta kawo mini curin man shanu na barka. Tana cikin sauke ƙwarya, matan gida sun fito da kwanukansu, sai aka ce Yaya yana kira. Na je bakin asabari na durƙusa. Ta ƙasansa ina hango takalma birjik, ya tara 'yan majalisa kaf. Tsakanina da inda Adda take zaune bai fi taku biyar ba.

"Amarya," ya ce, da muryar nan da yake ɗagawa in akwai masu sauraro, "barka da arziki. Jama'a suna so su ji. Wa ya koya miki Turancin da kika ci jarrabawa da shi?"

 Na ji ƙarar ludayi ta tsaya.

"Kai ne, Yaya."

"Ban da ni akwai wani?"

"Babu, Yaya."

"To mai nonon nan da ake ta faɗa fa?"

Da ya tsaya a tambaya ta biyu, da wataƙila na samu abin da zan gaya wa kaina daga baya. Na tuna makarantar, na tuna cewa babu ta huɗu. 

"Nono kawai take kawowa, Yaya."

Zauren ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "Yo dama! Ina mai nono ina Turanci?" Yaya ya bari suka gama, sannan ya ce ai bai ma kai ni ko'ina ba, a B muka tsaya, da mun sauke littafin da sai dai a kai ni Ingila. Nan take mutum biyu suka roƙe shi ya karɓi 'ya'yansu mata. Ya ce zai duba, lokacinsa ne kaɗan. Sannan ya juyo wajena.

"Allah ya yi miki albarka. Ki je makarantarki, na yarda."

Na ce na gode, Allah ya ƙara girma. Na faɗa sau biyu.

Da na juyo, Adda ta ci gaba da auna wa mata nono, ludayi bayan ludayi, ba ta rage wa kowa ba. Ta cika mini nawa kwanon har da gyara. Ta rufe ƙwarya, ta naɗa gammo, na matsa zan kama mata kamar kullum, ta ɗaga abinta ita kaɗai. Ta ce, "A gaida yara," ta fita ta gaban takalman nan. Ba ta sake shigowa gidanmu ba. Na aika mata saƙo sau biyu ta hannun matan rugarsu, suka dawo suka ce tana gaishe ni.

Na yi makarantar, na gama, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kiru. Na raina Yaya tun ranar da ya mai da dabgi jirgin ruwa, kuma har gobe ina raina shi. Amma shi bai taɓa yi wa kowa rantsuwa ba. Ni na yi.

Shekara ta biyu da fara aikina, ranar awon masu ciki, na ɗaga kai daga tebur na gan ta a layi. Ta ɗan rame, cikin ya tsufa. Da layi ya zo kanta na miƙe tsaye na ce, "Adda! Sannu da zuwa." Ta ce, "Sannu, Malama," ta zauna a kan benci kamar kowa. Zuwanta na farko ke nan, sai an buɗe mata kati. Na tambayi shekaru, ta faɗa. Na tambayi haihuwa nawa, ta faɗa. Na zo layin da ake rubuta sana'a, biro ya tsaya a hannuna. Mata suna jira a bayanta, wata tana jijjiga jariri.

Ta dubi katin, ta dube ni.

"Ai kin riga kin faɗa," ta ce. "Rubuta."

Na rubuta mai sayar da nono, da Turanci, tana kallon hannuna. Babu kuskure ko ɗaya.